Zanen da Hannuna Ya Riga Ni Sani

Na daɗe ina ɗaga rubuta wannan babi, sai da Allah ya ba ni ƙarfin zuciya yanzu da idona ya fara gajiya da zura zare a allura. 'Ya'yana, kun ji labarin shekarata ta farko a makarantar zane da ɗinki daga bakuna da yawa a Zongon Lome. Wasu sun ce muku aljanu ne suka shige ni a can. Wasu sun ce Iya, kakata, muguwar mata ce. Duka biyun ba haka ba ne, kuma yawancin waɗanda suka san yadda aka yi sun riga mu gidan gaskiya. Don haka zan faɗa muku yadda na gani da idona.

Mu uku ne a gidan da na taso. Baba direban kamiyo ne, wato babbar mota, yana ɗaukar kaya daga bakin teku zuwa arewa, har Wagadugu da Yamai, kwanakinsa a hanya sun fi na gida yawa. Mutum ne marar magana, in ya dawo sai ya zauna a ƙofar ɗaki yana shan shayi yana kallona ina kai da kawo. Iya, mahaifiyarsa, ita ce gidan. Tana sayar da atamfa a kasuwar Adawlato, muryarta kuwa tana ƙetare katanga uku. Ita ta yaye ni, ita ta yi mini kitso, a ƙarƙashin teburinta na koyi sunayen atamfofi tun kafin in koyi karatu. Uwata kuwa, an ce mini zazzaɓi ya ɗauke ta ina ƙarama, an binne ta a wajen danginta. Sunanta Hajara. Babu hotonta a gidan, babu ko ɗan kunnenta, kuma in na yi tambaya Iya takan ce a yi mata addu'a kawai, ta kawo wata hira. Abu guda ne Iya take dukana a kai da gaske. In na fasa tasa faɗa kawai za ta yi, amma in ta tarar da ni na ɗauki gawayi ina zane a ƙasa ko a bango, sai ta kama hannun ta yi ta bugu har sai na saki, sannan ta kawo ruwa ta wanke wurin da kanta tana karanta wani abu a hankali. Na ɗauka ƙazanta ce ba ta so.

Da na gama lekol, wato makarantar boko, wani malaminmu ya gaya wa Baba cewa akwai makaranta a unguwar Nyekonakpwe da ake koyar da zanen tufafi da ɗinki, kuma hannuna ya dace da ita. Iya ta ce in tela ake so in zama, ga teloli nan cike da layinmu, ba sai na ratsa gari ba. Baba bai cika musu da ita ba, amma ran nan ya ce a bar ni in je. Sai ta kafa sharaɗi cewa ɗinki kaɗai zan koya, ban da zane-zane. Na ce to, domin ni ma a lokacin abin da na zata ke nan, keke da almakashi.

Makarantar tsohon sito ne na 'yan kasuwar da, mai hawa biyu, ba nisa da tafkin da ya ratsa gari. Bangonta yana da kauri, ko da rana tsaka cikinta da sanyi da warin danshi. Ranar farko ni kaɗai ce mai mayafi a cikin sababbin ɗalibai. Aka ce mu hau sama, na riga kowa kaiwa bakin ƙofa, na tura, na tsaya cak. Dogon ɗaki ne, tagoginsa a rufe, kuma a jikin bango an jera mutane tsaye, kowanne an lulluɓe shi da farin ƙyalle tun daga kafaɗa har ƙasa, babu mai kai a cikinsu. Abin da ya zo mini a rai likkafani ne. Wata yarinya da ke bayana, Afi, wadda daga baya ta zama ƙawata, ta taɓa kafaɗata tana dariya ta ce maneke ne, gangar jikin da ake gwada riga a kai, an rufe su ne saboda ƙura. Na yi dariya ni ma, amma har na bar makarantar ban taɓa son in ba su baya ba.

Malamarmu Madam Akosiwa ce, doguwar mata mai magana a hankali, tef ɗin awo kullum a wuyanta. Ta zagaya ta karɓe almakashin da kowa ya zo da shi ta kulle a durowa. Ta ce babu wanda zai yanka yadi a ajinta sai ya fara yin nasa yadin, ya san wahalar da ke cikinsa. Haka na gane cewa abin da Iya ta hana shi ne farkon karatun, kuma ban faɗa mata ba. Madam ta koya mana yadda ake narka kyandir, a tsoma hatimin katako a ciki, a buga a kan farin yadi, sannan a rina, duk inda kyandir ya taɓa ya fito fari. Ta koya mana kuma abin da ya fi komai wuya, wato zanen yadi dole ƙarshensa ya haɗu da farkonsa, ta yadda in an buga hatimi kusa da hatimi ido ba zai ga mahaɗin ba. Na so aikin ƙwarai. Sai dai ranar da aka fara ɗora tukunyar kyandir a wuta, da warin ya kai hancina, na ji gishiri ya cika mini baki, kunnuwana suka toshe, muryoyin ɗakin suka koma nesa kamar na nutse a ruwa. Na dafa tebur har abin ya wuce. Na ce wa Afi yunwa ce.

Bayan wasu makonni Madam ta ce kowa ya ƙirƙiro zanensa, daga wani abu na gidansu. Afi ta zana matajin kai, wani yaro ya zana kifi, wata ta zana makullai. Ni na zauna da farar takarda tun safe, na gwada goro, na gwada butar alwala, duk suka fito a mace. Da rana ta take aka fita cin abinci, na ce su tafi zan biyo su. Ɗakin ya yi tsit, sai ni da maneke da ƙarar fanka guda. Na tuna na ɗora fensir a kan takardar. Abu na gaba da na tuna shi ne Afi tana girgiza ni tana kiran sunana, inuwar taga ta matsa daga inda na bar ta, azahar ta wuce ban ji kira ba. Takardar ta cika daga gefe zuwa gefe. Layuka ne masu lanƙwasa suna bin juna kamar ruwa in iska ta taɓa shi, a tsakaninsu ƙananan zobba da ba su rufe ba, kamar idanu marasa ƙwaya, a ƙarƙashin kowane zobe kuma wani abu mai kama da tsani a kwance wanda matakinsa ɗaya ya ɓalle. Yatsuna suna ciwo. Ban san zanen ba, amma ban ji baƙo ne a wurina ba.

Madam ta tsaya a kansa ta daɗe. Ta ɗauki takardar ta naɗe ta, gefen dama ya taɓa gefen hagu, layukan suka shige cikin juna ba kuskure. Ta naɗe ta ta ɗayan ɓangaren, haka nan. Ta ce ita a iya koyarwarta ba ta taɓa ganin sabon ɗalibi ya haɗa mahaɗi ba awo ba gogewa. Ba ta zarge ni da kwafa ba, tambaya kawai ta yi.

"Zainabu, a ina kika taɓa ganin wannan?"

"Ban sani ba, Madam."

"To hannunki ya sani," in ji ta. Ta mayar mini da takardar.

Daga ranar abin ya ƙi sakina. Duk zanen da na fara, ko fure ne ko ganye, kafin in kai tsakiyar takarda sai ya lanƙwashe ya koma wancan. In ina shata yadi da alli, sai in ga zoben nan marar rufi a gefe, ban san lokacin da na yi shi ba. Afi ta ce a garinsu in mutum ya fara zanen ruwa haka, aljanar ruwa ce take nemansa, kuma tana da gwaggo da ta san inda ake zuwa. Na ce mata mu ba ma zuwa irin wuraren nan, na ƙara yawan nafila. Duk da haka aka sassaƙa mini hatimi, na buga zanen a kan turmi guda, na rina shi da shuni mai duhu, na raba biyu. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Madam ta sa na ɗaura rabi a jikin maneke ɗaya kamar zani, aka ajiye shi a tsakiyar ɗaki don kowa ya gani. Tun daga lokacin ba na iya zama ni kaɗai a sama. In na ɗaga kai sai in ji kamar akwai mai jira in yi mata magana, tana da haƙuri, ba ta gaggawa.

Ɗaya rabin na kai gida, don na ɗauka in Iya ta ga kyansa, ita da ta san yadi, za ta yafe mini karya sharaɗinta. Na wanke shi na shanya a igiyar tsakar gida. Ta dawo daga kasuwa da la'asar da ƙunshi a ka, tana ta faɗa tun daga zaure a kan wani mai taksi. Da ta shigo ta ga yadin, maganar ta yanke a tsakiya. Ƙunshin ya zame ya faɗi, ita ma ta zauna a ƙasa inda take tsaye, da atamfarta ta fita kasuwa. Ban taɓa ganin Iya ta zauna a ƙasa ba tabarma ba. Da ta yi magana, da ƙyar na ji ta.

"Wa ya kai ki?"

"Ina, Iya?"

"Ina tambayarki wa ya kai ki wurin."

Na rantse mata ba inda aka kai ni, ni na zana a makaranta. Na zata hakan zai kwantar mata da hankali, sai na ga ya fi firgita ta. Ta tashi ta sauke yadin da sanda, ba ta yarda ta taɓa shi da hannu ba, ta tura shi cikin murhu. Ba ta doke ni ba, kuma da ta yi dukan da ya fi mini sauƙi. Ta hana ni komawa makaranta. Ta kawo malami ya yi mini rubutu da hayaƙi, na sha ban yi gardama ba. Ta tattara fensirori da alli, har gawayin girki ta kulle a ɗakinta. Ta ce kada in kuskura in bi hanyar bakin teku ko ta tafki. Abin da ya fi damuna shi ne kallon. In ina cin abinci tana kallona, in ina alwala tana kallona, in na yi shiru ta tambaye ni me nake ji, in na yi dariya ta dube ni da sauri. Irin kallon da ake yi wa wanda ake jiran ciwonsa ya tashi. Ba a daɗe ba ni ma na fara yi wa kaina wannan kallon. Nakan zauna a kan hannuwana don kada su motsa.

Baba yana hanya, don haka na koma bin Iya kasuwa kamar da. Wata rana ta tafi sallar azahar ta bar ni da tebur, sai ga Afi ta ɓullo, Madam ta aiko ta. Ta ce a gaya mini wurina yana nan, kuma ga yadina da aka cire daga jikin maneke, nawa ne. Afi ta warware shi a kan atamfofin Iya tana yaba yadda shunin ya kama. Muna cikin haka wata tsohuwa Bazabarma, cikin masu kawo albasa daga arewa, ta zo wucewa ta tsaya. Ta ajiye kwandonta, ta shafa yadin da tafin hannu, ta bi layukan da yatsa kamar mai karatu, sannan ta ɗago ta dubi fuskata da murmushi.

"Ke 'yar gidan su Hajara ce? Ashe har a yadi take yi yanzu. Yaya jikin nata? Bara da na bi ta can na same ta da sauƙi."

Na ce mata Hajara uwata ce, kuma ta rasu tun ina goye. Murmushin ya bar fuskarta. Ta janye hannunta daga yadin, ta ce wataƙila ta yi kuskure, tsufa ne, in yafe mata. Ta ɗauki kwandonta ta shige cikin mutane. Na bi ta da gudu har layin masu takalma, ban gan ta ba. Na dawo wurin tebur. Na naɗe yadin na ɓoye a ƙasan jakata kafin Iya ta dawo.

Da Baba ya iso ban jira shi a gida ba, na same shi a tashar manyan motoci yana duba ƙafar kamiyonsa. Na shimfiɗa yadin a kan benci, na gaya masa abin da tsohuwar ta ce. Ya dubi yadin, ya ɗauki tsumma yana goge hannunsa, ya yi ta gogewa har bayan hannun ya fita. Ya ce in shirya, in zai koma arewa tare za mu tafi. A gida suka shiga ɗaki da Iya, kuma a karo na farko muryarta ba ta fito waje ba. Da safen tafiyar ta tare ni a zaure, idanunta a kumbure. Ta ce ba za ta hana ni ba tunda ubana ya yanke, amma in na je in gani da ido in dawo, kada in faɗi ko ni wace ce. Ta ce abin da ta kwantar da wahala, in na tashe shi, ba ni kaɗai zai ci ba.

A hanya Baba ya ba ni labarin, idonsa a kan kwalta. Uwata mai rini ce, da kyandir take aiki, matan Zongo suna layi a ƙofarta. Bayan ta haife ni ciwo ya same ta a kai. Ta daina barci, ta daina aikin mutane, sai zane guda take yi, a yadi, a bango, a ƙasa, ina bayanta a goye. An yi magani iri-iri. Wata safiya ta goya ni ta fita, ta miƙe har bakin teku, ta shiga ruwa tana tafiya kamar mai zuwa kasuwa. Masunta da ke jan taru ne suka fizgo ta, a lokacin ruwa ya riga ya rufe kaina. Yayanta, Kawu Musa, ya zo ya tafi da ita garinsu, gaba da Atakpame. Amma ba ta zauna ba. Takan sulale ta kama hanyar Lome da ƙafa tana nemana, har ta taɓa isowa ƙofar gidanmu ƙafafunta suna jini. Sai Iya ta je da kanta ta gaya mata yarinyar ta mutu. Daga ranar ta daina tafiya. Ni kuma da na fara wayo aka ce mini uwar ce ta mutu. Baba ya ce shi ya yarda da duka biyun, ba wanda ya tilasta shi, kuma tun lokacin bai taɓa wuce garin ba tare da ya tsaya ya kai mata sabulu da sukari ba.

Mun isa da hantsi washegari. Kawu Musa ya tarbe mu a waje, ya dube ni ya dubi Baba, ya roƙe ni irin roƙon Iya. Sannan ya kai ni wani sashe a bayan gida. Tun daga bakin ƙofa na gan shi. Katangar tsakar gidan duka, daga ƙasa har iya inda hannu yake kaiwa, zanen ne, gawayi a kan gawayi, tsoho ya dusashe sabo ya hau kansa. Layukan ruwa, zobban da ba su rufe ba, tsanin da matakinsa ya ɓalle, ya zagaye wurin ya haɗu da kansa ba mahaɗi. Gishirin nan ya dawo bakina. A tsakiya wata ƙaramar mata tana zaune a tabarma, tsaf da ita, furfura ta fara fito mata, tana tsince shinkafa a faifai. Ta gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa, ta tambayi hanya, ta matsa mini wuri. Hannayenta irin nawa ne, har lanƙwasar ƙaramin yatsa.

Na yi niyyar cika alkawari. Na zauna muna hirar ruwan sama da tsadar shinkafa, hankalinta daidai kamar na kowa. Da na buɗe jaka in ciro tsarabar da Baba ya ba ni, gefen yadin ya leƙo. Ta miƙa hannu ta jawo shi, ta baza a cinyarta, ta daɗe tana dubawa. Ta ce an yi shi da kyau, sai dai kyandir ya yi zafi da yawa a gefe guda. Ba ta tambayi wanda ya yi ba. Ta ci gaba da shafa shi, ta yi magana da murya irin ta mai ba da labarin wani.

"Ina da yarinya da. Ruwa ya cinye ta. Ni na kai ta da ƙafata."

Iya ta ce mata na mutu ne kawai, ba ta ce ruwa ba, amma ita uwata haka ta ɗauka, kuma da wannan take kwana take tashi tun ina jaririya har na zama budurwa. Na dubi Kawu Musa a bakin ƙofa, ya girgiza mini kai. Na san abin da Iya take tsoro, kuma na san tana da gaskiya. Amma na kasa tashi in bar ta da shi.

"Inna, ba ta mutu ba. An fitar da ita. Ni ce Zainabu."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi ɗan murmushi ta ce tata ƙarama ce. Ta koma tsintar shinkafa. Can sai ta ajiye faifan, ta kama hannuna ta juya shi, ta ɗora nata a kai. Ta saki, ta juya mini baya, ta durƙusa ta sunkuya kamar yadda ake yi wa yaro, ta ce in hau. Na kwantar da ƙirjina a bayanta, ta jawo yadin ta rufa mana.

Abin da Iya ta faɗa ya faru. Ba mu daɗe da komawa Lome ba Kawu ya aiko cewa Inna ta fita, an tsince ta a gefen titi da nisa, ba takalmi. Aka mayar da ita, ta sake fita. Na ce wa Baba a kawo ta gida, ni zan kula da ita. Iya ta ce ba za ta kwana rufi ɗaya da matar da ta shiga teku da ni ba, ta kwashe kayanta ta koma wurin wata 'yarta a unguwar Kege. Matar da ta raine ni ta daina cin abincin hannuna, in na je gaishe ta amsawa kawai take yi. Shekarar makaranta ta wuce ni, su Afi suka yi gaba. Akwai watannin da ba na iya barin Inna ko na awa guda, kuma ƙofar gida kullum a kulle saboda teku. Madam Akosiwa ta karɓe ni a shekara ta gaba tare da sababbi, na sake farawa daga tukunyar kyandir. Zanen bai ƙara zuwa hannuna da kansa ba. Wani likita ya ce mini idon jariri yana ajiye abin da ya gani daga bayan uwa. Malamai sun faɗi nasu. Ni dai ban san yadda aka yi ba, kuma na daina nema.

Iya ba ta taka gidanmu ba sai da aka haifi babbarku. Ta zo ranar suna da sanda, ta rame, ta zauna a gefe cikin mata. Na yi ta ƙoƙarin kada su haɗu, amma Inna ta hango ta daga ƙofar ɗaki. Ta taso ta ratsa taron, ta durƙusa a gabanta kamar yadda suruka take yi, ta gaishe ta. Mata suka zuba ido, domin duk sun san labarin. Inna ta kama hannun Iya da hannu biyu, fuskarta cike da murna.

"Iya, albishirinki. Yarinyar nan da kika zo kina kuka kika ce mini ta rasu, an same ta. Tana nan da ranta, har ta haihu. Ki daina baƙin ciki."

Hawaye suna bin fuskar Iya suna sauka a kan hannayensu. Da ƙyar ta ce alhamdu lillahi. Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko jaririyar, ta kawo ta ɗora mata a cinya.